Shaidar da Na Bayar a Kan Ubale

Ɗana Sagiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko a mota ka buɗe ta ko bayan ka isa. Allah ya tsare maka hanya, ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya haɗa ka da shugabanni masu tsoronsa. Innarka ce za ta saka ta a jakarka, ta kuma ce in gaya maka addu'arta tana tare da kai.

Tun ranar da sunanka ya fito cikin waɗanda aka ɗauka aikin soja nake neman yadda zan yi maka wannan magana. Sau biyu na kira ka gona a Watari da niyyar in faɗa, sau biyun kuma muka ƙare da zancen ban ruwan albasa. Na ga in ban rubuta ba, za ka tafi ban faɗa ba. Ba fareti zan koya maka ba, ba kuma riƙon bindiga ba, can akwai waɗanda suka fi ni iyawa. Labarin Ubale zan ba ka.

Ka san shi, dogon mutumin nan mai gyaran injin ban ruwa a bakin kasuwar Shanono. Ka taɓa tambayata me ya sa ba ma kai masa injinmu alhali kowa ya ce ya fi iyawa, na ce maka tsada gare shi. Ƙarya na yi maka. Ba na iya haɗa ido da shi ne.

Tare muka yi aikin soja. Ni ina sajan, shi yana da igiya ɗaya a hannu, wato muƙaminsa yana ƙasa da nawa. Mutumin wani ƙauye ne gaba da Shanono kaɗan, shi ya sa a bariki muka zama kamar 'yan gida ɗaya. A gaban mutane Sajan yake ce mini, in mun keɓe kuwa Yaya Haladu. Wani hutu da muka zo tare na raka shi gida, mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya, ta dama mana fura da kanta. Da za mu tafi ta ce, "Haladu, ga ƙaninka nan. Shi kaɗai ne namiji a wurina. Bayan Allah sai kai." Na ce mata kada ta damu.

Kana aji uku a firamare aka tura mu gabas, aka ba mu gadin wata gada. Wata rana da hantsi aka far mana, muka yi ta musayar wuta har azahar ta yi, harsashi ya kusa ƙarewa, agajin da aka ce yana tafe bai zo ba. Ubale ne a bakin gadar da mutanensa. Kyaftin ɗinmu ya rarrafo inda muke, ya dafa kafaɗar Ubale ya ce ya janye da mutanensa zuwa bayan tudu. Tsakanina da su bai fi taku uku ba. Na ji da kunnena. Ubale ya janye, daga baya duk muka janye, gada ta tafi, mota ɗaya da babbar bindiga suka tafi tare da ita.

Bayan kwana biyu kwamanda ya zo, aka jera mu, ya tambayi wanda ya ba da odar janyewa. Kyaftin ya ce shi bai ba da oda ba, Ubale ne ya tsorata ya fara gudu, sauran suka bi shi. Ubale juyowa kawai ya yi ya dube ni, yana jira. Ni kuma na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Ba zan ce maka ban san abin da nake yi ba. Ana shirin ƙara mini girma a lokacin, kuma kyaftin ɗin ne mai rubuta rahoto a kaina. Na kuma ji tsoron in na yi magana a haɗa da ni a tuhuma. Na tuna ku, na tuna innarka, na ce wa kaina ai magana ce za ta wuce, iyakaci a tsare shi sati biyu. Sagiru, in irin wannan rana ta zo maka, ka yi magana a ranar. Ka ƙame, ka sara, ka ce, "Yallaɓai, ina da abin faɗa," ka faɗi abin da ka gani da ladabi. A ranar nan jimla ɗaya ta ishe ni. Da na bar ta ta kwana, sai ta zama abin da ba na iya faɗa sai na fara bayyana dalilin shiruna na jiya.

Aka mayar da mu bariki, aka kulle Ubale a gadirum, wato ɗakin da ake tsare soja mai laifi. Turancinsa na bariki ne, yana jin oda yana mayar da amsa, amma bai iya karanta doguwar takarda ba. Da masu bincike suka zo ɗaukar bayaninsa, sai aka ce a nemo mai jin Hausa ya yi tafinta. Ni aka kira. Na tarar an riga an buga takardar, sa hannu kawai ake jira. Na karanta ta a zuciyata. An rubuta a bakinsa cewa ya bar wurin gadinsa ba tare da oda ba, saboda tsoro ya kama shi.

Ya ce, "Yaya, me aka rubuta?"

Na ce, "An rubuta cewa ka bar bakin gada ka koma bayan tudu."

Ya ce, "An sa cewa Kyaftin ne ya ce in janye?"

Mai binciken yana tsaye a kaina yana duba agogo. Na ce, "Wannan a gaban kotu za ka faɗe shi. Sa hannu mu tafi."

Ya karɓi biro ya sa hannu, bai ko sake duban takardar ba, don ni na ce.

A nan nake so ka tsaya ka karanta a hankali. Mu an tashe mu a kan cewa ranar da mutum ya sa kaki ya bar dokar ƙasa a bakin ƙofa. Ba haka ba ne. Gaskiya ne soja yana ƙarƙashin wata doka ta daban da ta fi ta farar hula tsanani, kuma akwai abubuwan da wani zai yi ya kwana lafiya, kai ka yi a hukunta ka. Amma kundin tsarin mulkin ƙasa yana sama da ita, kuma bai cire soja daga cikin 'yan ƙasa ba. In aka tsare ka, haƙƙinka ne a gaya maka dalili da harshen da kake ji. Haƙƙinka ne ka yi shiru har sai ka ga lauya ko wani da ka amince da shi. Ba a tilasta maka ka sa hannu a kan maganar da ba taka ba. Kai ka yi karatu, ka fi Ubale, amma Turancin shari'a daban ne. Duk takardar da aka miƙo maka, karanta ta tun daga sama har ƙasa, ko da janar ne a tsaye a kanka. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba. In kuma wata rana kai aka kira ka yi wa wani tafinta, ka fassara masa kowace kalma, har da wadda za ta sa mai binciken ya harare ka.

Ubale ya yi watanni a tsare kafin a ba shi takardar tuhuma. Nakan kai masa goro da sabulu, ina jin kamar hakan yana rage wani abu. Wata rana ya ce mini wani da suke tsare tare ya gaya masa ana iya ɗauko lauya daga waje, ya tambaye ni ko gaskiya ne, don in haka ne a aika wa kawunsa. Na ce masa, "Soja ba shi da lauya, Ubale. In ka kawo farar hula cikin maganar bariki, haushi za su ji su ƙara maka." Rabin maganar na yarda da ita, don haka muka ji tun muna kurata. Ɗaya rabin kuwa tsoro ne, don na san lauyan kirki zai fara da tambayar wa ke kusa da Kyaftin a ranar. Ubale ya ce to, bai sake tayar da zancen ba.

Ka sani, wanda za a kai kotun soja yana da damar ɗaukar lauyan da yake so, na soja ko na waje. Dole a ba shi lokaci ya shirya. Yana iya kiran shaidunsa, ya kuma yi wa masu ba da shaida a kansa tambayoyi. In ya ga a cikin masu zaman shari'ar akwai wanda ba zai yi masa adalci ba, yana iya faɗa tun kafin a fara. Kuma har sai an tabbatar da laifi, shi ba mai laifi ba ne, ko da duk bariki sun riga sun yanke masa hukunci a wurin hira. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da aka gaya wa Ubale ta yadda zai gane. Wani yaron laftana aka ba shi ya kare shi, kuma da safiyar ranar shari'a suka fara ganin juna.

Laftanan nan, duk da ƙuruciyarsa, ya yi abin da ya dace. Ubale ya gaya masa ina wurin, sai ya nemi a kira ni. Na yi alwala, aka miƙo mini Alƙur'ani, na dafa na rantse zan faɗi gaskiya. Laftanan ya ce, "Sajan, ka ji Kyaftin ya ba da odar janyewa?" Kyaftin yana zaune a gefe, bai ko kalle ni ba, don ya san ba sai ya kalla ba.

Na ce, "Yallaɓai, ƙarar harbi ta yi yawa. Ban ji komai ba."

Ubale ya miƙe tsaye. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya Haladu." A gaban hafsoshi, a cikin kotu, bai ce Sajan ba. Shugaban kotun ya ce ya zauna, ya zauna. Aka karanto takardar da na sa shi ya sa wa hannu. Aka cire masa igiya, aka kore shi daga aiki, aka yanke masa shekaru a gidan yari.

Ba ni da wata doguwar nasiha a kan wannan. Na rantse da littafin Allah na yi ƙarya, kai kuma ka sauke Alƙur'ani a hannun Malam Sani, ka fi ni sanin nauyin abin. Abin da zan ƙara kawai, ba wanda ya ɗora mini bindiga a ka. Ba wanda ya ma ce in yi ƙarya. Ni na hango abin da ake so na miƙa. Ka kula da wannan a kanka, don a bariki sau da yawa ba a umartar mutum da zalunci, barinsa ake yi ya gane da kansa.

Akwai sauran dama ɗaya bayan haka, ita ma na bar ta ta wuce. Wani akawu a ofishinmu ya gaya mini hukuncin kotun soja ba ya tabbata sai na sama sun amince da shi, kuma wanda aka yanke wa yana iya rubuta koke kafin nan. Bayan nan ma yana iya zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasa, inda alƙalai farar hula za su duba ko an yi daidai, amma kwanakin ƙidayayyu ne. Akawun ya ce, "Ba ɗan garinku ba ne? Ka gaya wa danginsa su yi sauri." Na ce zan gaya musu.

A cikin kwanakin nan na zo hutu. Iya ta ji na zo, ta hau acaɓa tun daga ƙauyensu ta same ni a zaure. Kai ka kawo mata ruwa, ba za ka tuna ba. Ta ce, "Haladu, mutane suna cewa ɗana ya gudu ya bar 'yan'uwansa. Gaskiya ne?"

Na ce, "Iya, sai haƙuri. Hukuncin soja ba a ɗaga shi."

Ta ce, "Ba wannan na tambaye ka ba. Ya gudu?"

Na ce mata ban ga abin da ya faru ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta gyara mayafinta ta ce Allah ya saka mini da alheri da na riƙa kai masa goro. Ta rasu saura shekara ɗaya ya fito. Ni kuwa aka ƙara mini girman da nake jira, na gama aikina, aka sallame ni da takardar yabo, na dawo na kama noma.

Ka riƙe wannan: hukuncin kotun soja ba shi ne ƙarshe ba. In abu ya same ka, Allah ya kiyaye, ka aiko mana a ranar, kada kunya ta sa ka ɓoye. In wani ne abin ya sama, ka gaya wa danginsa hanyar da ke akwai tun lokaci bai ƙure ba.

Shekara da shekaru ina canja hanya a kasuwar Shanono. Abin da ya karya ni shi ne ranar da ka shigo gida da gudu da wayarka a hannu kana nuna wa innarka sunanka. Kowa yana murna, ni kuwa sai na gan ka a tsaye cikin layi, ka juyo kana duban wani sajan, shi kuma yana kallon takalminsa. Na je wurin liman na tambaye shi kaffarar rantsuwar ƙarya, ban faɗi suna ba. Ya ce rantsuwar da aka yi da gangan aka danne haƙƙin wani, azumi da ciyarwa ba sa wanke ta, sai tuba da mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Daga nan na gaya wa innarka komai. Da na gama ta ce, "Matar nan a zaurenmu ta sha ruwa." Washegari ta ce in tashi in je wurin Ubale.

Na same shi ya kwance wani inji, hannunsa duk baƙin mai. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na tsuguna a gabansa, mutane suna wucewa, na ce, "Ubale, na ji odar. Na ji ta sarai. Takardar nan ma na san abin da ke cikinta." Ya ci gaba da ɗaure noti. Da ya gama ya goge hannu ya ce, "Na sani. Ai tare muke a wurin." Na ce masa a shirye nake in faɗa a duk inda ake so. Ya ce yana da aiki, in tafi.

Bayan sati biyu ya aiko a gaya mini ranar Litinin za shi Kano, in ina so in biyo shi. Muka je wurin wata lauya a ofishin da ke taimaka wa marasa ƙarfi. Ta saurare mu, ta ce lokacin ɗaukaka ƙara ya daɗe da wucewa, amma ana iya roƙon kotu ta buɗe ƙofa in akwai dalili mai ƙarfi, kuma ba ta yi mana alkawarin za a dace ba. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Baba, ka san in ka sa hannu a wannan, ka amsa da bakinka cewa ka yi shaidar zur? Ana iya tuhumarka, takardar yabonka ma tana iya zama ba komai ba." Na ce na sani. Ta ce duk da haka sai ta karanta mini da Hausa, layi bayan layi, kuma in na ga dama in je in yi shawara da wani lauyan tukuna, don ita ta Ubale ce, ba tawa ba. Ina zaune tana karantawa, Ubale yana gefe yana sauraro. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan zama ba. Da ta gama na sa hannu.

Maganar tana gaban kotu yanzu. Ban san yadda za ta ƙare ba. Mai yiwuwa sunana ya fito, kuma sunana za ka ɗauka a ƙirjin rigarka. Na fi so ka ji daga gare ni da ka ji a bakin wani a bariki. In ka ji haushina, ba ka yi laifi ba.

Kada kuma ka ɗauki wannan takarda a matsayin na ce ka zama mai taurin kai. Ka bi oda, ka girmama na gaba da kai, ka tsare wurin da aka ba ka. In kai ka yi laifi, ka amsa laifinka, ka bar doka ta bi hanyarta. In an zalunce ka, akwai hanyar kai koke a rubuce daga mataki zuwa mataki, ita za ka bi, ba gunaguni a bayan ɗaki ba. Wata rana kuma, in Allah ya ja kwana, kai ne za ka riƙe makullin gadirum, ko ka zama wanda ake tambaya me ka ji. Wanda ke tsare a hannunka, ko kana ganin ya yi laifin, ka gaya masa haƙƙinsa tun bai tambaya ba, don galibi bai san akwai abin tambaya ba.

Da muka fito daga wurin lauyar, muka tsaya a tashar Bacirawa muna jiran mota ta cika. Ubale ya sayi rake ya miƙo mini gaɓa ɗaya. Muna zaune a kan benci ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Shekarun da na yi a ciki, da aikin da na rasa, da sunan da ake kirana a ƙauye, na yafe maka. Na daɗe da gajiya da riƙe su." Na buɗe baki zan yi godiya, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Amma Iya ta tafi tana zaton na gudu. Wannan ba nawa ba ne, ba ni da ikon yafe shi. Sai kun haɗu."

Da motar ta tashi ya tambaye ni ko gaskiya ne ɗana zai tafi soja. Na ce gaskiya ne. Da muka wuce gonakin gefen hanya ya ce, "Aiki ne mai kyau. Ni na so shi. Ka ce ina gaishe shi, Allah ya dawo da shi lafiya." To, na isar maka.

Allah ya tsare ka a inda ba na ganinka, ya tsare harshenka kamar yadda nake roƙon ya tsare jikinka. Ya sa ka gama horo lafiya, ka yi aiki lafiya, ka dawo mana da ƙafafunka. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka riƙa kiran innarka ko da gaisuwa ce kawai. In ka ɗaga hannu kana addu'a, ka sa Iya a ciki, Allah ya jiƙanta. In da sauran wuri, ka sa ni.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Haladu